Maganin homiyofati na tsoron taro, dan Allah wa ya taɓa gwadawa?

Yar_Izu40:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Ina cikin masu shiga musabaƙar Alƙur'ani, bana izu 40 zan shiga in sha Allah, saura sati uku a yi ta ƙaramar hukuma. Matsalata ba hadda ba ce, Alhamdulillah a gida ko gaban malaminmu duk inda aka ja min zan ɗauka in tafi, amma da zarar an kira sunana a lasifika na hau na zauna gaban alƙalai shikenan kamar an canja ni. Bakina ya bushe ƙamas, harshe ya yi nauyi, tafin hannu ya jiƙe da gumi, gwiwata tana karkarwa har sai na danne ta da hannu ta ƙarƙashin hijabi, zuciya kuwa har cikin kunnena nake jin bugunta. Bara a izu 20 tambayar farko lafiya lau, ta biyu aka ja min a Suratu Faɗir wurin da ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi, kawai kaina ya ɗauke ɗif, aka buga ƙararrawa, na koma baya na sake tahowa na sake kakarewa a wurin, aka buɗe min, daga nan ban ma san me na karanta ba har na sauko. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

To gwaggona ta raka mijinta asibiti Indiya, da ta dawo ta kawo min wasu 'yan kwalabe guda biyu, ɗaya an rubuta Gelsemium 30C ɗaya Argentum nitricum 30C, 'yan ƙwayoyi ne farare ƙanana ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Ta ce maganin homiyofati ne, mai shagon ya ce mata na tsoron taro ne da fargabar jarrabawa, a zuba huɗu a murfin a juye ƙarƙashin harshe kar a taɓa da hannu. Na ɗanɗana ɗaya zaƙi kawai kamar alewa, sai ɗan warin sifirit idan an buɗe kwalbar.

Tambayata shin yana aiki da gaske? yana da illa? saboda ina da asma tun ina ƙarama, da inhela nake yawo a jaka. Sannan warin nan ya dame ni, kar in je in hau karatun Alƙur'ani da abin da bai kamata ba a bakina. Nagode.

Dalibin_Indiya:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni na sha shi kuma gaskiya ni dai ya yi min. A birnin Fune na Indiya na yi digirina, can wannan magani ba baƙon abu ba ne, kusan kowace unguwa za ki ga shagonsa, har kwalejoji suke da su na musamman mutum ya yi shekara biyar da rabi ya fito likitan homiyofati. Ranar da zan kare furojet ɗina tun asuba cikina yake juyawa na shiga banɗaki ya fi sau huɗu, abokin ɗakina ya ba ni Argentum nitricum ɗin nan ya ce shi ne na wanda fargaba ke sa shi gudawa da gaggawa, Gelsemium kuma na wanda jikinsa ke mutuwa ƙafa ta yi sanyi kai ya ɗauke, kin ga irin naki kenan. Na tsotsa kafin in shiga, wallahi bayan minti biyu da fara magana sai na ji na sake, har malaman suka yaba. Ki sha abinki, ba ya sa barci ba ya sa maye.

Famasis_Zazzau:

Ƙanwata sannu, Allah ya sa Alƙur'ani ya cece mu. Harhaɗa magunguna na karanta kuma shi nake yi, bari in gaya miki abin da ke cikin kwalbar nan sai ki yanke da kanki.

Wani likita Bajamushe Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro homiyofati a 1796. Tunaninsa shi ne abin da zai sa lafiyayye wata alama, shi ne zai warkar da mai irin alamar idan an ba shi kaɗan. Gelsemium wata fure ce rawaya mai yaɗo da ke fitowa a kudu maso gabashin Amurka, dafi ce sosai, wanda ya ci ta jikinsa mutuwa yake da rawar jiki fatar ido ta yi nauyi, shi ya sa suka ce to ita ce maganin wanda tsoro ya kashe wa jiki. Argentum nitricum kuma gishirin azurfa ne.

Yanzu ki duba 30C ɗin da ke jikin kwalbar, nan maganar take. Ana ɗaukar ɗigo 1 na ruwan furen a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa a girgiza, wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo 1 daga wannan a sake zubawa cikin sabon 99 a girgiza, 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30. Lissafin kimiyya ya nuna daga wajen 12C an wuce inda za a sa ran ko ƙwayar zarra ɗaya ta furen ta rage a ciki, to ina ga an ƙara sau 18 a kai. 30C yana nufin kashi 1 cikin lambar da aka rubuta 1 aka jera mata sifili 60. Wannan ruwan ne ake ɗigawa a kan ƙwayoyin suga a bar su su bushe, zaƙin da kika ji kenan, kuma warin sifirit ɗin ragowar barasar da aka jiƙa su da ita ne. Hukuncinsa a addini ba fannina ba ne ki tambayi malaminku, ni dai na faɗa miki yadda ake yin sa. Na ruwa-ruwan da ake ɗigawa a harshe su barasar tana nan a cikinsu sosai, har da wani da ake kira Rescue Remedy da mutane ke kawowa daga Ingila don irin wannan matsalar, shi ma ba ainihin homiyofati ba ne na furannin wani likita Edward Bach ne tun shekarun 1930, a riƙa karanta jikin kwalba.

Maganar yana aiki ko ba ya yi, an bincika ba sau ɗaya ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara binciken da aka yi ta ce babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi, Faransa da take da babban kamfanin yin sa Boiron ita ma daga farkon 2021 inshorar gwamnati ta daina biyan kuɗinsa. Idan aka raba mutane gida biyu aka ba wasu na gaske wasu suga zalla ba wanda ya san wanne ya sha, sakamakon ɗaya yake fitowa.

Illa kuwa, 30C na kamfani mai rajista ba zai yi miki komai ba, ba zai taɓa asmarki ba, tunda suga ne. Abin da nake tsoro shi ne kwalbar da aka rubuta Q a jiki, wannan shi ne ruwan furen na asali da ba a sirka ba, Gelsemium Q dafi ne kar ki kusance shi. Da kuma wanda aka ƙulla ba suna ba lamba.

Dalibin_Indiya:

Yallaɓai ina girmama iliminka amma ni fa ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Kuma ƙasa kamar Indiya har ma'aikata guda gwamnati ta ware masa da sauran magungunan gargajiyarsu, duk mutanen nan suga suke sha ba su sani ba?

Famasis_Zazzau:

Ɗan uwa ban ƙaryata ka ba ko kaɗan, na yarda ka ji sauƙi. Kuma haka ne ma'aikatar da kake magana, AYUSH sunanta, tana nan tun 2014. Amma ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka, ka ce bayan minti biyu da fara magana ka sake. Ka tambayi duk mai hawa mumbari ko mai shiga aji, kusan kowa haka yake ji ko ya sha wani abu ko bai sha ba, domin fargabar tana kai ƙololuwa ne daf da farawa, jiki ya zubo sinadarin adirenalin zuciya ta yi sauri miyau ya ƙafe, da ka fara magana ka ga ba abin da ya same ka sai ta fara sauka da kanta. Ga kuma natsuwar da mutum ke samu don ya san ya sha wani abu, wannan ma gaskiya ce kuma a fargaba tana da ƙarfi sosai, har suna gare ta a likitanci, filasibo. Ka haɗa biyun nan ka ga ba sai da furen ba. Kai ka yi karatunka ka san furojet ɗinka shi ya sa malamai suka yaba.

Damuwata da ƙanwarmu ita ce kar ta jingina da kwalbar ta bar sati ukun nan ya wuce, ranar ta hau gwiwa ta fara rawa duk da ta tsotsa, sai tsoron ya zama biyu, ta ce ko maganin ma bai kama ni ba.

MC_Dan_Gayu:

Hajiya ki bar wahalar da kanki. Ni sana'ata kenan riƙe makirfo a biki da taro, farkon farawata muryata har rawa take. Ki je kemis ki ce a ba ki propranolol ki sha ɗaya saura awa guda, zuciyar nan tsit za ta yi hannu ba zai motsa ba. In babu ki karɓi D5 rabi. Mu da yawa haka muke yi.

Famasis_Zazzau:

A'a dan girman Allah! Yar_Izu40 kar ki sha propranolol, KAR KI SHA. Malam MC ba ka ga ta ce tana da asma ba? Maganin gaskiya ne ba suga ba, na hawan jini da zuciya ne, yana tare aikin adirenalin shi ya sa bugun zuciya da rawar hannu ke lafawa, kuma haka ne makaɗan Turai da Amurka da yawa suna shan sa kafin su hau dandali, likita ma yakan rubuta shi don haka. Amma ga mai asma yana iya shaƙe hanyar numfashi, kuma mafi muni yana hana inhelar da za ta buɗe ƙirjin yin aikinta, ka ga an rufe ƙofa an jefar da makulli kenan, mutane sun rasa rai ta haka. Ko wanda ba shi da asma sai an auna jininsa da bugun zuciyarsa, mai ciwon suga ma da nasa hatsarin don yana ɓoye alamar sugan ya faɗi.

D5 kuwa diazepam ne, yana sa kasala da barci kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa wajen tuna abu, yarinyar da za ta zauna ta rarrabe mutashabihai, ayoyin nan masu kama da juna, a izu 40 ita za a ba wa wannan? Ga kama jiki, rabi-rabin nan da shi ake farawa, muna ganinsu kullum a kanta suna zuwa ba takardar likita. Kai ma ina roƙonka ka je a duba ka, kuma in ka daɗe kana shan sa kullum kar ka yanke lokaci ɗaya, likita ne zai sauke ka a hankali.

Ƙanwata wani abu kuma da na manta, inhela mai shuɗin nan ta salbutamol ita kanta tana sa rawar hannu da bugun zuciya. In ƙirji ya riƙe ki shaƙa ba shawara, ki hau da ita a jikinki ma, amma in kina shaƙa ne kawai don tsoro kafin a kira ki to tana iya ƙara miki karkarwar. Haka shayi mai kauri da kofi da goro da lemukan ƙarin kuzarin nan, ranar ki bar su.

Yar_Izu40:

Innalillahi, wallahi Yaya kamar kana wurin, bara sau biyu na shaƙa a layi kafin a kira ni kuma ƙirjina lafiya lau yake tsoro ne kawai kar ya tashi a sama. Kuma da safen shayi kawai na sha ban iya cin komai ba. Allah ya saka da alheri, da ban tambaya ba wata ƙawata ma ta taɓa min maganar ƙwayar zuciyar nan.

Malama_Hafiza:

'Yata Allah ya yi miki albarka. Na shiga musabaƙa shekaru da dama kafin in yi aure, yanzu kuma ni ke shirya 'yan matan makarantarmu, abin da kika faɗa babu wanda ban gani ba, akwai wadda ta taɓa riƙe hannuna a bayan rumfa hannun nan sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga randa tana cewa Malama ko Fatiha ba zan iya kawowa ba, kuma ta hau ta yi karatu mai kyau.

Ni ban san maganin Indiyan nan ba, bayanin ɗan uwanmu ya wadatar. Abin da na sani shi ne haddarki ta saba da wuri ɗaya ne, tabarmarki, malaminki, muryarki ba lasifika. Ranar musabaƙa komai sabo ne, kujera, makirfo a bakinki kina jin muryarki tana dawo miki daga bayan fili, mutum huɗu ko biyar sun sunkuya da biro, ga ƙararrawa. Ƙararrawar nan ita ta kayar da ke bara ba Suratu Faɗir ba, ba ki taɓa jin an buga miki ita ba sai ranar, shi ya sa da aka buga kika ji kamar an gama da ke alhali maki kaɗan ne ya tafi, da kin tsaya kin numfasa kin koma farkon ayar da kin wuce.

To sati ukun nan ki mayar da sabon ya zama tsoho. Ki roƙi malaminku a ajiye kujera a tsakar makaranta a kunna lasifikar da ake taro da ita, a zaunar da mutum uku da ba ki saba da su ba a matsayin alƙalai, a rubuta tambayoyi a takarda ki ɗauka da hannunki, a kira sunanki da ƙarfi ki taso daga nesa ki tako kowa na kallo. A samo ƙararrawa, in babu cokali da kofin silba ya isa. Ni har cewa nake a buga wa yarinya ko ba ta yi kuskure ba sau ɗaya, don ta koyi tsayawa ta duba kanta ba tare da ta rikice ba. Ranar farko za ki ji duk abin da kika ji bara, kar ki gudu, shi ake nema. Ki yi a ƙalla sau shida kafin ranar kuma ki riƙa canja wuri da mutane, yau ajin yara gobe gidan kawunki jibi gaban iyaye mata bayan karatun dare. Abin da nake gani wurin yarana daga na huɗu na biyar gwiwar tana rawa amma karatun ba ya tsayawa, kuma wannan ake so, ba wai rawar ta ɓace ba.

Sannan in kin zauna ba wanda ya ce ki fara nan take. Gyara zamanki, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo, sau uku, kafin isti'aza. Mu masu tajwidi ai mun riga kowa sanin riƙe numfashi, wanda ya iya jan maddi shida ya iya wannan. Idonki kan wuri ɗaya kamar gefen tebur, ba fuskar alƙali ba ba jama'a ba. Ki fara a hankali fiye da yadda kika saba domin tsoro gudu yake sa mutum, gudu kuma shi ke jefa ki cikin aya mai kama da ita a wata sura. Ki ci abinci ko yaya ne da safe, ki riƙe ruwa ba mai sanyi ba ki ɗan kurɓa kafin ki hau. Daren kuma kar ki kwana muraja'a, abin da bai zauna a wata shida ba ba zai zauna a daren ba, barcin ya fi miki.

Kuma ki riƙe addu'ar Annabi Musa alaihis salam a Suratu Ɗaha aya ta 25 zuwa 28, Rabbish rah li sadri, kin fi ni sanin ta. Annabi ne guda za a aike shi gaban Fir'auna ya roƙi a buɗe masa ƙirji a warware ƙullin harshensa, to ba abin kunya ba ne don ke kin ji nauyin taro.

Abu ɗaya zan ƙara, in tsoron nan ba a musabaƙa kaɗai yake ba, in har gaisawa da baƙi ko tambaya a aji ko shiga cikin mata a gidan suna yana gagararki, to wannan a je asibiti ɓangaren masu duba damuwa, suna da zama na hira da horo da suke yi kuma ana dacewa, ba hauka ba ne ba aljanu ba ne.

Dalibin_Indiya:

Malama wannan gaskiya ne, nima sai yanzu na tuna satin da zan kare furojet sau uku na yi wa abokaina gwaji a ɗaki suna min tambayoyi. Amma dai ni ina ganin in ta tsotsa ta haɗa da wannan ba laifi tunda an ce ba ya cutarwa.

Yar_Izu40:

Salam, na dawo in ba ku labari. Na kai wa malaminmu kwalaben na karanta masa bayanin Yaya Famasis, ya ce tunda zuciyata ba ta kwanta da warin ba kuma ga shi an ce suga ne to in bar shi, na mayar wa gwaggo na yi mata godiya sosai don da kyakkyawar niyya ta ɗauko min tun daga can, ta ɗan ji ba daɗi amma ta fahimta. A'a Malama ba na jin tsoron mutane a gida ko a aji, a kan kujerar nan ne kawai.

Jiya Asabar muka yi gwajin farko, malam ya kira wasu malamai biyu daga wata makarantar da limamin unguwarmu, aka kunna lasifika yara sun fi 50 a zaune. Wallahi da aka kira sunana komai ya dawo, bakin ya bushe gwiwar ta kama, har na ji kamar in ce a bari sai gobe. Na zauna na yi numfashin sau uku, tambayar farko a Suratu Maryam na wuce, ta biyu a Muminun liman ya buga kofi, na tsaya cak kusan daƙiƙa goma ban ce komai ba ina jin yara suna motsi, sai na koma farkon ayar a hankali na ga ashe harafin "wa" na sa a wurin harafin "fa", na gyara na tafi har ƙarshe. Inhelar tana aljihuna ban taɓa ta ba. Na sauko hannuna yana rawa har ruwan da aka miƙo min ya zube a hijabi.

Talata kuma a makarantar su ƙanwata za mu yi bayan la'asar, malaminsu ya ce zai tara 'yan aji shida da iyayen da suka zo ɗaukar yara. Malama dan Allah a gwajin nan tambaya nawa ya kamata a riƙa yi min a zama ɗaya, in tsaya a uku ko a ƙara?